Zanen Tatsa

Mai Walda ya ɗaga katifa, ya zazzage kwandon wanki har ƙasa, ya haska ƙarƙashin gado da fitilar waya, bai ga zanen ba. A ƙusar bayan ƙofa yake rataye shi kullum, ƙusar kuwa ga ta nan babu komai a jikinta. A tsakar gida akuya ta fara kukan da take yi idan hantsarta ta cika, tsohon kare kuma ya ɗora haɓa a bakin kwanonsa yana jira.

Auta ta leƙo daga kicin ta tambaye shi abin da yake nema tun ɗazu. Kafin ta rufe baki ya hango zanen ta taga a kan igiyar shanya, tsakanin rigunansa da zanen gado, yana ɗigar ruwa. Jiya da yamma 'yar tasa ta sauka don ta yi masa kwana biyu, kuma ita irin 'ya'yan nan ce da idan sun zo gidan uba ba sa iya zama sai sun ga ƙasan kowace tukunya. Tun kafin ya tashi ta bi gidan da ruwa da sabulu, duk abin da hannunta ya kai gare shi ya sha wanki.

Ya fita ya tsaya gaban igiyar, ya kama gefen zanen ya kai hanci. Sabulu ne zalla, irin mai ƙamshin lemon nan da ke hawa kai.

"Wa ya sa ki?" ya ce.

"Baba, ai dauɗa ya yi. Har ya fara tauri."

"Na ce wa ya sa ki?"

Auta ta tsaya da cokali a hannu. Rabon da ya yi mata magana da wannan murya tun tana firamare. Ita ba ta san laifinta ba, shi kuma bakinsa ya yi nauyin faɗa, don abin na kunya ne ga dattijo mai furfura.

Karen shi ya yi gadin shagon walda tun yana ɗan kwikwiyo har haƙoransa suka zube. Marigayiya matar Mai Walda ce ta laƙaba masa Manaja, wai ba ya aikin komai sai kallon masu aiki. Da idanun maigidan suka gaji da tartsatsi ya bar shago, sai ya dawo da shi gida. Matar ta ce ba ta ƙi ba, amma iyakarsa rumfar bakin ƙofa, kada ta kuskura ta ga ƙafarsa kusa da tabarmarta. Haka aka zauna har cikin Manaja ya fara ƙin abinci, abin da ya ci sai ya dawo da shi, haƙarƙarinsa suka fito fili. Likitar dabbobi ta ce su gwada jiƙa masa abinci mai laushi da 'yar madarar akuya. Ta ce ba magani ba ce, ƙari ce kawai, amma wani tsohon kare cikinsa ya fi karɓarta. To, matar nan da ta kafa dokar rumfa ita ce ta tafi kasuwa ba tare da shawarar kowa ba, ta dawo tana jan akuya mai ɗa. Ta ce kada wanda ya ɗauka don karen ta yi, ita dai ba za a ce dabba ta mutu da yunwa a gidanta ba.

Kowace safiya takan ɗaura wannan tsohon zane a kan kayanta, ta zauna a 'yar kujera, ta jingina goshi da cikin akuyar, tana tatsa tana yi mata faɗa. 'Yar Gata take kiranta. Shi kuwa yana gefe da rediyonsa yana tsokana, wai a gidan nan akuya ke aiki, mace ke tatsa, Manaja ke sha, maigida ke kallo.

Da ta rasu, akuyar ta ƙi shi ƙememe. Hannun da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙarfe ba hannun tatsa ba ne. Sai ta matse ƙafafu, ta harbe kwano, ta riƙe madararta. Tsohuwar da ta sayar da akuyar ce ta ba shi dabara ranar da ta zo gaisuwa. Ta ce ya yafa wani abu na mai ita wanda ba a wanke ba, dabba da hanci take gane mutum. Kayan marigayiyar kuwa duk an riga an wanke an raba wa dangi, sai wannan zane da ya tsira a bayan ƙofa don babu wanda ya ga darajarsa. Washegari ya sa sakata a ƙofar gida, ya yafa shi a kafaɗa, ya zauna. Akuyar ta daɗe tana shinshinarsa, sannan ta buɗe ƙafafu. Shi ma ya shinshina, kuma ranar ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Watanni ke nan bai taɓa tatsa ba sai da zanen, kuma wannan ɗan lokaci na safe shi ne kaɗai lokacin da gidan ba ya yi masa faɗi.

Yanzu ga shi garin gyaran gira an rasa ido. Ya fizge zanen daga igiya, ya matse shi, ya yafa a jiƙensa a gaban Auta, kunyar ma ya manta da ita. 'Yar Gata ta kai hanci, ta yi atishawa, ta ja da baya iyakar igiyarta. Ya jawo ta da ƙarfi, ruwan zanen ya ɗiga mata a baya, ta zabura ta harbi kwano har ya daki bango. Ya yi ta gwadawa, ita tana haki shi yana haki, ko ɗigo bai samu ba.

Auta ta jiƙa wa Manaja abincinsa da ruwan ɗumi, ya ƙi. Ta zuba masa madarar da take shan shayi da ita, ya ɗaga kai ya duba, ya dubi Mai Walda, ya mayar da haɓarsa ƙasa. Mai Walda ya san wannan kallo. Kare mai irin waɗannan shekaru ba shi da ajiyar nama a jiki, in ya jera kwanaki bai ci ba, ba lallai ya sake tashi ba. Akuya kuma in ba a tatse ta ba, ko hantsar ta kumbura ko madarar ta ƙafe. Ya jefa zanen a kan benci, ya sa hula, ya ce ya tafi asibitin dabbobi. Auta ta ce ko shayi bai sha ba, ya yi kamar bai ji ba.

Motar haya ta cika maƙil, an matse shi tsakanin wani mai jakar kayan aiki da wata mata mai goyo. Da wata dattijuwa ta shigo ta wuce ta gabansa, sai ya kama kansa yana jan iska da hanci, yana nema. Ya ji kunyar kansa, ya juya fuska wajen taga har aka iso.

Ɗakin jira na asibitin ya canza tun zuwansa na ƙarshe. Ga wata yarinya da zomo a kwali, ga wata mata da kyanwa a kwando mai ƙofa, ga wani saurayi da ƙaton kare mai gashi wanda da gani ya fi ubangidansa cin mai kyau. An kafa kanta a jikin bango an jera gwangwanaye, kowanne da hoton kare yana washe baki. Lallai duniya ta ci gaba, har karnuka sun yi kanti.

Likitar ta gane shi tun daga ƙofa, ta ce yau Baban Manaja ne da kansa. Ta tambayi jikin karen, ta yi masa ta'aziyyar da ba ta samu yi ba. Ya faɗa mata rabin magana, ya ce akuya ce ta ƙi tatsuwa, karen kuma ya ƙi ci. Da ta tambaya ko wani abu ya canza a gidan, ya ce an dai wanke wani abu. Ta dube shi ba ta ja maganar ba. Ta ɗauko gwangwani ɗaya daga kantar, ta ce madarar akuya ce aka busar ta zama gari, ya dama kaɗan da ruwan ɗumi ya jiƙa abincin da ita kamar yadda ya saba. Sannan ta gargaɗe shi da ya taɓa hantsar akuyar da zarar ya koma, in ya ji ta yi zafi ta yi tauri kada ya kwana bai kira ta ba.

Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Likita, ƙamshin da aka wanke, akwai yadda ake yi ya dawo?"

Ta ajiye biron hannunta. "Wannan kam ba a koya mana ba, Baba."

Bai nufi tasha ba, kasuwa ya shiga, layin masu kayan shafe-shafe, inda bai taɓa taka ƙafa ba a rayuwarsa. A nan ya gane wani abin takaici. Ya zauna da mace har suka aurar da 'ya'ya, ya san tarinta a cikin tarin mata, ya san takunta tun daga bakin titi, amma bai san sunan man da take shafawa ba. Abin da ya sani kawai 'yar kwalba ce mai koren murfi da ke zama a kan taga.

Mai shagon da ya tsaya a gabanta wata mace ce mai baki, tana ganinsa ta fara dariya, ta ce Baba ko amarya za a yi ne ake neman man gyaran fata. Ya ce a'a, na matarsa yake nema, ta rasu. Matar ta haɗiye sauran dariyarta. Ta jawo masa kujera, ta shiga sauko da duk wata kwalba mai koren murfi da ke shagon, har da waɗanda suka yi ƙura a can sama. Tana buɗewa tana miƙa masa, yana shinshinawa yana girgiza kai. Wani ya yi zaƙi da yawa, wani na 'yan mata ne, wani kamar maganin tari. Masu saye suka zo suka tsaya, ta ce su je su dawo. Da hancinsa ya gaji ya daina bambancewa, ta ce ya rufe ido ya huta kaɗan, ba a yi wa hanci gaggawa.

Can sai ta miƙo wata 'yar kwalba da takardar jikinta ta koɗe. Yana kai ta hanci gabansa ya faɗi. Ita ce, amma ba duka ba. Ita ce a ranar da ta yi kwalliya za ta unguwa, tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayarsa ko mayafin ya dace. Ba ita ba ce ta safiya, wadda ke ɗauke da hayaƙin kicin da albasa da zufar wuyanta, kuma ta safiyar yake nema. Ya riƙe kwalbar da hannu biyu. Mai shagon ta naɗe masa ita a leda, ta ce Allah ya jiƙanta, da gani mace ce mai tsafta.

Sai bayan la'asar ya isa gida. Tun daga waje ya ji muryar 'Yar Gata ta dushe da kuka. Auta tana zaune a bakin rumfa nesa kaɗan da karen, idanunta sun yi ja, ta ce ko ruwa sai da ta yi ta lallashi ya lasa. Zanen ya bushe, ta ninke shi ta ajiye a kan benci.

Ya dama madarar gwangwanin yadda aka ce, ya jiƙa abincin, ya tura gaban Manaja. Karen ya miƙa wuya ya lasa kamar mai yi don kara, sannan ya kawar da kai. Mai Walda bai yi mamaki ba, wanda ya saba da ɗumin hantsa ba a ruɗinsa da ruwan buta.

Saura dabara ɗaya. Ya buɗe kwalbar, ya laƙato man da yatsa, ya goga a gefen zanen, ya murza, ya kai hanci. Sabulu da mai suka haɗu suka ba da wani ƙamshi da bai taɓa sani ba, kamar wata baƙuwa ce ta shigo gidan ta zauna a kujerar matarsa. Ya ji ba zai iya ɗora wannan abu a kafaɗarsa ba ko da me zai faru. Ya ajiye shi a kan bencin, ya zauna. Kewarta ta taso masa, irin wadda bai ji ba tun makonnin farko.

Akuyar ta sake yin kuka, sai ya tuna gargaɗin likita. Ya tashi ya nufi turken a cikin rigar da ya yini da ita, wadda ta sha zufar mota da ta kasuwa. Ba tatsa ya je yi ba, don haka bai ɗauki kwano ba. Ya tsuguna a hankali, ya ce mata ta yi haƙuri, dubawa kawai zai yi. Ya ɗora tafin hannu a kan hantsar, ya ji ta cika tam amma ba ta yi zafin ciwo ba. 'Yar Gata ta juyo da kai ta shinshina kafaɗarsa, ta shinshina wuyansa, ta yi ajiyar numfashi. Sai ta gyara tsayuwa ta buɗe ƙafafu. Ya ɗan matsa da yatsu, madara ta yi tsartuwa a ƙasa.

"Auta, kawo kwano," ya ce, ƙasa-ƙasa don kada akuyar ta firgita.

Kwanon ya cika har da kumfa, akuyar tana tsaye tana tuƙa abinta kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Auta ta zubar da haɗin gwangwani ta jiƙa sabo. Manaja ya tashi a kan ƙafafunsa masu rawa tun kafin a ajiye, ya sa kai, ya cinye, ya bi kwanon da harshe yana tura shi har bakin ƙofa. Auta tana dariya tana share ido, tana cewa ai ga shi nan, akuya ta saba da Baba, dama tsoro ne kawai ya hana ta da safe.

Shi bai yi dariya ba. Yana nan tsugune gaban turken yana kallon akuyar, kuma haushinta yake ji, haushi na gaske.

"Har kin manta da ita ke nan," ya ce mata.

Auta ta ji. Ta zo ta tsuguna kusa da shi, ba ta tambaya ba, shi da kansa ya fara magana. Ya faɗa mata dabarar tsohuwa, da sakatar da yake sawa, da yadda yake jinkirta tatsar wani lokaci don kada ta ƙare da wuri. Ya faɗa mata inda ya yini. Bai dube ta ba har ya gama, ita kuma tana ta murza gefen mayafinta.

"Baba, na gane zanen Mama ne tun da na gan shi," ta ce. "Kafin in sa shi a ruwa sai da na kai shi hancina. Na daɗe a tsaye a bayan ƙofar nan ina nema." Ta girgiza kai. "Babu ita a ciki, Baba. Akuya ce, sai kai. Da na ji ta ko kaɗan, wallahi da ban wanke ba."

Ya shiga lalube a ransa, yana son ya tuna safiyar ƙarshe da ya tabbata ita ya ji, ba tunaninta ba, ya kasa. Ashe ta daɗe da fita daga zanen, a hankali, yadda takan fita unguwa idan ta same shi yana barci, kuma bai san ranar ba. Wannan ya fi wankin yi masa ciwo. Akuyar da yake jin haushi kuwa ba ta yi laifin komai ba, shi ta daɗe tana shinshinawa tana buɗe wa ƙafafu.

Manaja ya koma rumfarsa ya miƙe da cikakken ciki. Can Mai Walda ya share fuska da tafin hannu, ya tambayi Auta ko ta ci abinci kuwa. Ta gane ban haƙurin safe ke nan, ta ce shi take jira.

Da ta tashi ta ɗauki zanen daga benci, ta sake ninke shi, ta tambaya ko ta sa shi a akwati ne don kada ya ƙara lalacewa.

"Mayar da shi ƙusarsa," ya ce. "Da safe zan nema."

"Ai 'Yar Gata ba ta buƙatarsa yanzu, Baba."

"Na sani," ya ce. "Ita ba ta buƙata."

Ya ɗauki kwanon tatsa ya nufi famfo, Auta kuma ta shiga ɗaki da zanen.